Me ya kashe manyan kantunan komai-da-ruwanka na Amurka da Ingila? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan mol ɗin Amurka, wato manyan gine-ginen nan masu tattara shaguna da yawa a waje ɗaya, da suka zama kufai, ciyawa ta tsiro a wajen ajiye motoci, matakalar lantarki ta tsaya cak tayi tsatsa, to zai yi tambaya ɗaya ko biyu. Ga waɗanda mutane suka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon yadda abin yake.

Wai wane irin kanti ake magana a kai ne? Ba irin su Shoprite ba?

A'a, ba shi bane. Shoprite da makamantansa supamaket ne, abinci ne ƙarfinsu, shinkafa da burodi da sabulu. Wannan da muke magana kanti ne ƙato mai hawa biyu ko uku ko ma bakwai, an raba shi sashe sashe, nan kayan mata, can kayan maza, can takalma, can turare da kayan kwalliya, sama kuma gadaje da kujeru da firji da injin wanki, kowane sashe da masu kula dashi amma duk mai shi ɗaya ne. Kamar ace an ɗauko Kantin Kwari da layin 'yan kayan gida na Sabon Gari an haɗa su a gini guda an sa musu esi, sannan akace ba ciniki, kuɗin da aka rubuta shine kuɗin.

Wannan rashin cinikin ma shine sabon abun da suka zo dashi tun farko. Le Bon Marché na birnin Paris, wanda Aristide Boucicaut ya shiga a 1852, yana cikin waɗanda suka fara manna farashi a jikin kaya kuma su barka ka shiga ka zagaya ka fita baka sayi komai ba babu mai hararar ka. A Amurka sunayen da aka sani sune Macy's da aka buɗe a New York a 1858, da Sears, da JCPenney da ya fara a wani ɗan ƙaramin gari Kemmerer a jihar Wyoming a 1902. A Ingila kuma akwai Debenhams da House of Fraser da BHS.

To meye haɗinsu da mol?

Nan ne gaɓar maganar, kuma in mutum bai gane nan ba sauran ba zai zauna masa ba.

Su waɗannan kantuna asalinsu a tsakiyar birni suke. Bayan yaƙin duniya na biyu sai masu ɗan hali a Amurka suka fara ƙaura zuwa sabbin unguwanni a bayan gari, kowa da motarsa, gwamnati ta canza dokar haraji a 1954 yadda gina sabon wajen kasuwanci ya zama garaɓasa, a 1956 kuma aka sa hannu a dokar manyan titunan da suka ratsa ƙasar. A wannan shekarar dai ta 1956 aka buɗe Southdale Center a Edina, jihar Minnesota, mol na farko da aka rufe shi ruf aka sa masa na'urar ɗumama da sanyaya. Wanda ya zana shi Victor Gruen, ɗan gudun hijira daga Vienna, ya ajiye manyan kantuna biyu, Dayton's da Donaldson's, nesa da juna, ƙananan shaguna kuma a tsakaninsu.

Dabarar kenan da kowa ya kwafa. Babban kanti shine jigo, shi yake jawo mutane da tallarsa da sunansa, in ka fito daga wannan zaka wancan dole ka ratsa gaban mai takalmi da mai agogo da mai alawa, kafin ka ankara ka sayi abin da baka fito dominsa ba. Saboda haka mai mol baya karɓar wani hayar kirki a wajen babban kanti, wani lokacin ma kantin ne ya mallaki gininsa, ƙananan shagunan ne suke biyan haya mai tsada don su raɓu da inuwarsa.

Sai dai kuma su ma ƙananan ba wawaye bane. Da yawansu sun sa sharaɗi a takardar haya cewa in jigon ya tashi, ko biyu daga ciki suka tashi, to za a rage musu haya ko su tattara nasu-ya-nasu su tafi ba tare da tara ba. Shi yasa rufe Sears guda ɗaya a mol ba rufe ƙofa ɗaya bane, zare ne aka ja, rigar gaba ɗaya take warwarewa.

Amazon ne ya kashe su ko?

Kowa haka yake faɗa don shine amsa mafi sauƙi, amma gaskiya Amazon, kamfanin nan mai sayar da kaya ta intanet, ya tarar da mara lafiya ne a kwance. A wajajen 1990 Walmart, ƙaton kantin kayan araha, ya riga ya ƙwace wa Sears kambun babban mai sayar da kaya a Amurka, lokacin Amazon ba a ma haife shi ba, sai 1994 aka kafa shi kuma littattafai kawai yake sayarwa a farko.

Abin da ya faru shine an yi ta yagar kantin sashe sashe kamar kura da akuya. Kayan lantarki Best Buy ya ɗauke. Kayan aiki da fenti da kayan gyaran gida Home Depot da Lowe's suka tafi dasu. Kayan wasan yara Toys "R" Us ya kwashe a zamaninsa kafin shima tasa ta same shi. Kayan kwalliya, wanda yana cikin inda riba take sosai, Sephora da Ulta suka janye 'yan mata. Tufafi masu araha masu saurin canzawa Zara da H&M, daga baya Shein. Sannan ga wanda a ganina yafi kowa yi musu illa, wato TJ Maxx da Ross da Burlington, waɗanda suke sayar da kaya masu suna iri ɗaya da na Macy's amma da rangwame, kuma yawanci ba a cikin mol suke ba, a bakin titi suke, ka faka mota a ƙofa ka shiga minti goma sha biyar ka fito.

To me ya rage ma babban kanti? Komai yana dashi amma babu abu ɗaya da yafi kowa a kai. Bai kai Walmart araha ba, bai kai shagon masu kuɗi alfarma ba, yana tsakiya, kuma masu matsakaicin hali da aka gina shi dominsu suma aljihunsu ya daɗe yana matsewa. Da intanet tazo sai ta ƙwace abu na ƙarshe da yake taƙama dashi, wato yawan zaɓi a waje ɗaya. Wayarka tafi kowane bene bakwai yawan kaya.

Sears fa, wanda akace babu kamarsa, ya akayi ya faɗi?

Labarin Sears shi yafi ban takaici wallahi. Richard Sears ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a Minnesota da ya fara sayar da agoguna a 1886, daga nan aka samu Sears, Roebuck da katon littafinsu na kaya da ake aikawa ta gidan waya har ƙauyuka, manomi yana zaune a gonarsa zai zaɓi keken ɗinki ko garma ko takalmi ya aika kuɗi a kawo masa ta jirgin ƙasa. Har gida sukutum suke sayarwa daga 1908 zuwa 1940, a aiko maka katako da ƙusa da takardar yadda zaka haɗa. A 1925 suka buɗe kantinsu na farko a Chicago, a 1973 suka kammala Sears Tower wanda a lokacin shine gini mafi tsawo a duniya.

Yanzu ka lura da wannan. Kamfanin da ya shekara kusan ɗari yana sayar wa mutane kaya daga nesa, yana da rumbunan ajiya da sunayen kwastomomi da amanar jama'a, ya rufe babban littafin nan nasa a 1993. Shekara guda bayan nan aka kafa Amazon. Wato sun saki sana'ar kakansu ana gobe kasuwarta zata ci.

A 2005 wani mai juya kuɗin masu hannu da shuni, Eddie Lampert, ya haɗa Sears da Kmart, wani kantin kayan araha, suka zama kamfani ɗaya mai shaguna wajen 3,500. Mutumin ba ɗan kasuwar kanti bane, ɗan lissafin hannun jari ne, sai ya rage kashe kuɗi a gyaran shaguna, ya zuba kuɗi wajen sayen hannun jarin kamfanin, ya raba kamfanin gida gida suna gasa da juna a kan kuɗi ɗaya. Shagunan suka tsufa, kafet ya koɗe, kanta ba kaya, ma'aikata sun ragu. Aka fara sayar da kadara ana cin abinci, a 2015 aka ware gine-gine sama da 200 aka ba wani sabon kamfani Seritage, Sears ya koma ɗan haya a gidansa, a 2017 aka sayar da Craftsman, sunan kayan aikinsu da duk magidanci a Amurka ya sani, ga Stanley Black & Decker. Oktoban 2018 suka je kotu suka ce sun karye. Yau shagunan Sears da suka rage a Amurka baka cika yatsun hannu biyu dasu ba.

JCPenney kuma an ce wani ne ya zo gyara ya ɓata?

Eh, Ron Johnson. Shine ya gina shagunan Apple, don haka da aka kawo shi a 2011 an ɗauka mai ceto ya iso. Ya duba ya ga JCPenney kullum cikin rangwamen ƙarya suke, a rubuta riga dala 40 sannan a ce an rage zuwa 20 alhali dama 20 ɗin ce, ga takardun rangwame ana ta aikawa gidaje. Sai yace a daina wannan wasan, a rubuta farashin gaskiya kawai.

A hankalce yana da gaskiya. Amma duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa da gwaggonsa ya san ba kayan kaɗai take so ba, so take ta dawo gida tace ai na karya shi, dubu goma yace na saya shida. Matan da suke sayayya a JCPenney suma haka, daɗin yanko takardar rangwamen nan suke ji, da aka cire sai suka ji kamar an raina su suka daina zuwa, su kuma matasan da yake hange basu zo ba. Cinikin 2012 ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari, a Afrilun 2013 aka sallame shi. Kamfanin bai ƙara miƙewa daidai ba har korona ta kai shi kotun karyewa a Mayun 2020.

Abin da yafi nuna maka yadda mol da kanti suke ɗaure da juna shine wanda ya saye shi. Masu mol ɗin ne da kansu, Simon Property Group da Brookfield, wato mai gida ya sayi ɗan hayarsa don kar ya tashi sauran 'yan haya su bi shi.

Korona ce ta jawo ko dama can?

Dama can. Bon-Ton ya rufe tun 2018, Barneys ya karye a 2019. Korona dai ta tura waɗanda ke bakin rami ne, Neiman Marcus da JCPenney suka shiga kotun karyewa a Mayun 2020, Lord & Taylor da yake tun 1826 a watan Agusta.

Macy's ai yana nan, ko shima?

Yana nan amma yana ta rage jiki. A Fabrairun 2024 sun sanar zasu rufe shaguna wajen 150 cikin shekara uku, su maida hankali kan waɗanda ke kawo kuɗi da kuma Bloomingdale's nasu na masu kuɗi.

Akwai wani kuskure nasu da ba a cika faɗa ba. A da kowane birni da kantinsa na gado, Chicago tana da Marshall Field's, Boston tana da Filene's, Pittsburgh tana da Kaufmann's, mutane sun taso iyayensu na kaisu can sayen kayan makaranta da na bikin kirsimeti. Kamfanin da ya mallaki Macy's ya saye May Department Stores, wanda ya mallaki waɗannan kantunan, a 2005, a 2006 ya sauke duk sunayen nan ya liƙa Macy's. A Chicago har zanga-zanga mutane suka yi a ƙofar kantin. Ta fuskar lissafi an samu sauƙi, talla ɗaya, saye ɗaya, amma kanti ya zama iri ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, kaya iri ɗaya, jera iri ɗaya, to in duk ɗaya ne me zai sa in tuƙa mota minti talatin?

A Amurka kaɗai abin yake?

Ina. A Ingila BHS ya durƙushe a 2016, shekara ɗaya bayan mai shi Philip Green ya sayar dashi a kan fam 1, eh fam ɗaya tak, ma'aikata wajen 11,000 suka rasa aiki ga rikicin kuɗin fansho da ya kai har majalisa. House of Fraser sai da Mike Ashley mai Sports Direct ya tsamo shi a 2018 a kan fam miliyan 90. Debenhams wanda tushensa ya koma 1778 ya rufe shagunansa na ƙarshe a Mayun 2021, kamfanin Boohoo mai sayar da tufafi ta intanet ya sayi sunan da shafin a kan fam miliyan 55 amma yace baya son shago ko ɗaya. Suna yake so, ginin ku riƙe abinku.

A Kanada kuwa Hudson's Bay, kamfanin da aka kafa a 1670 yana cinikin fatu tun kafin a san za a yi ƙasa mai suna Kanada, ya rufe shagunansa a 2025.

Bambancin dai shine Amurka ta fi kowa gina mol fiye da buƙata, filin shago da ke kan kowane mutum ɗaya a can ya ninka na Turai sau da yawa, don haka ko babu intanet dole wasu su mutu.

Kenan duk mol sun mutu?

A'a, wannan ƙarin gishiri ne na masu ɗaukar bidiyon kufai. Abin ya rabu biyu ne. Manyan mol na unguwannin masu kuɗi irin King of Prussia kusa da Philadelphia ko Mall of America da aka buɗe a 1992 a Minnesota har yanzu cike suke, in babban kanti ya tashi ma wani lokacin mai mol murna yake, don dama ba wani haya yake biya ba, sai a yanka wajen a ba gidan abinci da wajen motsa jiki da silima su biya da tsoka. Waɗanda suke mutuwa sune na ƙananan garuruwa da unguwannin da masana'antu suka rufe, inda Sears da JCPenney ne kaɗai jigo kuma babu mai son maye gurbinsu.

Haka su ma kantunan, na can sama basu mutu ba. Harrods da Selfridges a Landan, Galeries Lafayette a Paris, waɗannan sun zama wajen yawon buɗe ido, mutum zai je ko don ya ɗau hoto. A Japan kuma sashen abinci da ke ƙasan bene shi yake riƙe da yawansu. Na tsakiya ne dai ruwa ya ci.

Me ake yi da ginin in an tashi?

Ginin babban kanti wahalar sha'ani gare shi, ƙato ne, ba taga, an yi shi ne don kar ka san rana ta faɗi. Wasu an maida su asibiti, wasu coci, wasu ofis, wasu an rushe an gina gidajen haya. Highland Mall a Austin ta jihar Texas ya zama harabar kwaleji, ɗalibai na karatu a inda ake gwada takalma. A Ohio kuma Randall Park Mall da Rolling Acres Mall duk an rushe su, kuma ka san wa ya gina rumbun kaya a filin? Amazon.

Mu a nan mun taɓa yin irinsu kuwa?

Sosai ma, tambayi manya. Kingsway na kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1948 ya bazu zuwa wasu manyan birane, ga Leventis ga UTC, a Kaduna har yau ana cewa shataletalen Leventis ko da yaran yanzu basu san dalilin sunan ba. Nan ne manyan ma'aikatan gwamnati da turawa suke sayayya, yaro in aka shiga dashi sai ya shekara yana ba da labari. Namu ba intanet ce ta kashe su ba kuma ba mol ba, kayansu kusan duk daga waje ake shigo dasu, da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga takurar shigo da kaya, sannan tsarin SAP na 1986 ya karya naira, sai kanta ta zama wayam kuma ma'aikacin da yake saye albashinsa ya zama ba komai. Kafin shekarun 1980 su ƙare Kingsway ya zama tarihi.

Maganar jigo kuwa Kanawa sun ganta da idonsu. Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 Shoprite da Game ne suka riƙe shi, Game ya bar ƙasar, Shoprite na Kano ya rufe a Janairun 2024, kuma duk mai ƙaramin shago a ciki ya san me hakan yake nufi ga ƙafar da ke wucewa ta ƙofarsa. Kwari da Sabon Gari da Singa kuwa basu taɓa dogara da kanti ɗaya ba, dubban 'yan kasuwa ne kowa da jarinsa, in Alhaji wane ya karye gobe wani ya karɓi shagon.

Ma'aikatansu fa, ina suka tafi?

Wannan ne ɓangaren da ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Aikin babban kanti a da sana'a ce ta rayuwa, musamman ga mata, mace zata shekara ashirin ko talatin a sashen turare ko na labule, ta san kwastomominta da suna, tana samun kamasho a kan abin da ta sayar, mai sayar da firji da injin wanki a Sears yana riƙe iyali da aikin har ya yi ritaya da fansho. Ayyukan da suka maye gurbin yawanci na rumbun kaya ne da tuƙa motar kai saƙo, tsayuwa da ɗaga kwali da na'ura tana ƙirga maka minti, kuma ba lallai a garin da kantin ya rufe suke ba. Matar da ta kai shekara hamsin da biyar tana gwada wa mutane hoda ba ita za a ɗauka ɗaga kwali ba.

In ina da katin kyauta ko garanti na kantin da ya karye, ya zan yi?

Wannan 'yan uwa da ke zaune a can suna yawan tambaya. Da zarar ka ji kanti ya shiga kotun karyewa, kashe katin nan da wuri, a satin ma in da hali, don yawanci ana ba da ɗan wa'adi ne bayan nan katin ya zama roba kawai, kai kuma ka koma layin masu bin bashi na can baya, bankuna ne a gaba. Garanti kuma duba takardar ka gani, in na kamfanin da ya ƙera kayan ne yana nan daram, in na kantin ne to ya danganta da wanda ya sayi ragowar kamfanin.

Sannan gwanjon rufe shago da ake rubuta komai sai ya tafi, kar ka ruɗu da satin farko. Ba kantin ne yake yin gwanjon ba, wasu kamfanoni ne da sana'arsu kenan, sukan fara da ɗan ragi kaɗan a kan cikakken farashi, wani abun ma yafi yadda yake kafin a fara gwanjon tsada, kuma duk abin da ka saya ba a dawowa dashi. Ragin gaske sai satin ƙarshe, lokacin kuma abin da ya rage takalmi ne ƙafa ɗaya lamba 47 da gumakan da ake rataya wa riga, suma da farashinsu a manne a goshi.